Inda Ba Mu Haƙa Ba

A hutun da na gama aji uku a sashen injiniyan ruwa, na shiga wata ƙungiyar ɗalibai masu aikin sa-kai, muka tsallaka iyaka zuwa wani ƙauye a ƙasar Nijar don a haƙa musu burtsatse. Wurin da muka fara zaɓa akwai kabarin jariri a cikinsa. Duk garin sun sani, mu ne kaɗai ba mu sani ba, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya mana, domin uwar jaririn tana da rai, kuma ɗanta na fari ne.

Ni 'yar garin Isa ce. Da na ce wa ƙawayena za ni ƙasar waje aiki, sai da suka yi dariya suka gaji, don ƙasar wajen tawa mota ce zuwa Sabon Birni, sannan babur ya bi da kai ta Burkusuma cikin yashi. A lokacin ana bin hanyar ba da fargaba sosai ba. Mu uku aka tura gaba don mu nemo wurin da za a haƙa: malaminmu da muke kira Injiniya, da ni, da wani ɗan ajinmu Bayarabe haifaffen Gusau, wanda Hausarsa ta fi tawa kaifi. Sauran za su biyo motar haƙa daga baya.

Maigari na ganin Bayaraben ya riƙe baki, don Gobirawa da Yarabawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Injiniya, ina kunka tsinto muna wanga? Bawan gidanmu ne da ya ɓace."

"Ranka ya daɗe, ubangidanku ne ya zo da kansa," in ji Bayaraben. "An ce min ƙishirwa za ta kashe min bayi, na ce bari in zo kafin in yi asara."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa ina bayan Injiniya, na rungume jakar na'ura, ina addu'ar kada kowa ya jefo min magana.

An sauke ni a ɗakin wata bazawara mai tuyar ƙosai, na riƙa kiranta Gwaggo. A gidan akwai mahaifiyarta, tsohuwa ƙwarai, siririya, wadda kowa ke kira Inna. Ba ta cika magana ba, ni ma haka, saboda haka zamanmu ya zo daidai. Da yamma takan miƙo min rabin goronta ba tare da ta dube ni ba.

Bazara ce. Rijiyar garin ɗaya, mai zurfi, ta kusa ƙafewa. Mata sukan jera a bakinta suna jiran ruwa ya taru, guga ya fito da rabi ruwa rabi laka. Duk wanda ya ga wannan ba zai tambayi dalilin zuwanmu ba.

Gangare da garin, wajen fadama, akwai kufai. Nan garin yake a da, kafin gulbi ya cika wata shekara ya ci gidaje, mutane suka koma tudu. Babu bango ko ɗaya a tsaye. Sai 'yan tudun jar ƙasa inda katangu suka narke, da tsingaron tukwane, da tumfafiya, da kututturen wata tsamiya da aka sare. Ba a noma wurin, ba a kuma ɗaure dabba. Abin da na fara lura da shi shi ne shirun wurin. Daga tudu kana jin daka da kukan jakuna da rediyon mai shayi, amma kana gangarowa sai ka ji kamar an rufe maka ƙofa.

Aikinmu shi ne auna ƙasa. Ana kafa ƙarafa a jere, a haɗa su da waya zuwa na'ura mai batir, a tura wuta cikin ƙasa. Inda akwai damshi a ƙasa wutar tana wucewa da sauƙi, na'urar ta nuna. Bayaraben ke buga ƙarafan da guduma, ni nake karanta lambobi. Mun zagaya garin, muka sami wuri biyu. Ɗaya can gabas, bakin burtalin shanu, da nisa, kuma alamar ruwansa ba yawa. Ɗayan a tsakiyar kufai, kusa da gari, alamarsa kyakkyawa har Injiniya ya sa na sake karantawa.

Ranar da muka fara buga ƙarfe a kufai, rana tsaka, na ɗaga kai daga na'ura na ga Inna. Ban ga zuwanta ba. Tana zaune a ƙasa can gefe, cikin baƙin zanenta, ba inuwa, ta ba mu baya. Kanta a karkace kamar mai sauraren magana ta bayan danga. Duk bugun guduma sai kafaɗunta su motsa. Da Bayaraben ya ajiye gudumar, ta dafa ƙasa ta miƙe ta hau tudu, ba ta waiwayo ba.

Injiniya ya kira maigari da dattawa, ya nuna musu wurin, ya kafa turken katako da muka shafa wa jan fenti. Ya yi bayani cewa nan motar za ta huda, can za a haƙa ramin laka, nan kuma a zuba harsashin tanki. Maigari ya daɗe yana kallon turken. Ya dubi dattawan da ke bayansa, kowa ya dubi ƙafarsa.

"Ku kunka san aikinku," ya ce. "Allah shi sa albarka."

Aka amsa da amin, amma ƙasa-ƙasa, kamar a wurin gaisuwar mutuwa. Mu dai mun ɗauka an gama magana. Injiniya ya buga waya, aka ce motar tana kan wani aiki wajen Maraɗi, tana gamawa za ta zo.

Ni mutum ce mai son tabbatar da abu. Ba wanda ya sa ni, amma na ja awo daga kututturen tsamiya zuwa turken, da kuma daga wani suri. Washegari da na sake ja, awon bai yi daidai ba. Turken ya matsa kudu. Ba faɗuwa ya yi ba, an kafa shi ne sosai, an daddanna ƙasar gindinsa, ga ramin jiya a buɗe. Na mayar da shi. Kashegari ya koma yamma. Na sake mayarwa, ya koma wani wurin dabam. Kullum ana barin sabon rami, har filin ya fara kama da inda kaji suka yi tono.

"Aljannun Gobir ma injiniyoyi ne," in ji Bayaraben. "Ba su yarda da lissafinki ba. Ki ba su na'urar su gwada."

Yana dariya, amma daga ranar bai sake yarda ya gangara kufai shi kaɗai ba. Injiniya ya yi wa maigari magana. Maigari ya ce yara ne, za a tsawata musu, yana faɗa yana gyara zaman hularsa. Na san yara ba sa danna ƙasa haka.

Inna kuwa kullum muka fara buga turakun shata harsashi sai ta bayyana. Ba ta zama wuri ɗaya sau biyu. Yau kusa da suri, gobe can wajen tumfafiya, kullum bayanta gare mu, kullum kan a karkace. A gida kuma ta miƙo min goro kamar ba ita ba.

Wata safiya, gari ya waye amma rana ba ta ɗago ba, na gangara ni kaɗai. Na hango wani dattijo daga cikin waɗanda suka raka maigari, da carbi a wuyansa, yana tsaye a bakin kufai. Na raɓe bayan tumfafiya, ba don dabara ba, don kawai ban san yadda za ni gaishe shi ba. Sai na ga ya sunkuyar da kai kamar mai shiga zaure, alhali ba komai a gabansa. Ya yi 'yan taku, ya karya kwana a fili fetal, ya kauce wa wani abu da ba ya nan, ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofar da babu. Leɓɓansa suna motsi. Ya tsaya, ya miƙa hannu ya shafa iska kamar bango, ya dubi ƙasa, sannan ya dubi turken. Ya je ya tuge shi, ya kai shi gefe, ya kafa, ya danna ƙasar da tafin hannu.

Da ya juyo muka haɗa ido.

"Kin kwana lahiya, ɗiyata?" ya ce.

"Lafiya lau, Baba."

Ya wuce ya hau tudu. Washegari na sake zuwa, na tarar da wani dattijon dabam. Shi ma ya shiga gidan da babu, amma nasa zauren yana wani ɓangaren, kuma ya kai turken kusan inda na farkon ya cire shi.

Na kwana da tambayar a bakina kafin na iya yi wa Gwaggo. Da hantsi ne, ta gama tuya tana kankare kasko. Na tsuguna kusa da ita ina taya ta tattara itace, na ce mata na ga masu cire turke. Ba ta daina kankarar ba. Ta leƙa ɗakin Inna, ta ga ba ta nan, sannan ta ce in matso.

"Gidanmu ne wurin," ta ce. "Gidan babanmu. Yayana shina nan kwance. Ban san shi ba, kwana kaɗan ya yi bayan suna. A wancan zamani jinjiri cikin gida aka bizne shi, bayan ɗakin uwarshi."

Na ce to me ya sa Inna ba ta faɗa ba.

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ɗan fari ne. Ke ba Bahausa ba ce?"

Nan take na gane. Mahaifiyata har yau ba ta kiran sunan babban yayanmu, sai dai ta ce "wancan". In ya yi sallama a gaban mutane, wani take sa wa ya amsa. Amma ban taɓa tunanin kunyar tana bin yaro har cikin ƙasa ba.

"Ko shina da rai ba ta ɗaukar shi gaban mutane," in ji Gwaggo. "Da ya rasu ba ta yi kuka an gani ba. Ba a nuna mata wurin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tana kwance ɗaka ta ji ƙarar hauya ta bayan bango, shi ke nan abin da ta sani. Ni ma ba daga bakinta na ji ba, ƙanwar babanmu ta hwaɗa min. Waɗanda sunka bizne shi duk sun mutu. Waɗanga tsofaffin da kika gani, yara ne lokacin, suna shiga gidan wasa. Kowa da yadda ya tuna gidan. Kowa shina kau da turken daga inda ya zaci yaron yake."

Sai na fahimci cewa duk safiya ana iya cire turken daga wuri mai tsabta a kafa shi daidai kan yaron, kuma ni ma da nake mayar da shi, ban san a kan me nake bugawa ba.

Na ce maigari fa, me ya hana shi gaya wa Injiniya?

"Ya ba baƙi wuri gaban jama'a, shi dawo shi ce a'a? Kuma in ya hwaɗa, sai an ce ɗan wa. Sai an zo an tambaye ta. Wallahi cewa za ta yi ba ta da kowa a wurin. Ta gwammace a huda shi da ta buɗe baki." Ta jefa kankarar a wuta. "Kuma muna son ruwan, kada ki ga kamar ba mu so. Ke dai ba ni na hwaɗa miki ba."

A ranar aka bugo wa Injiniya cewa motar za ta iso jibi. Na bi shi a baya tun hantsi kamar jela, na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Sai bayan azahar, yana zaune gindin bishiyar bedi yana duba taswira, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ke, ko ki faɗa ko ki daina tsaya min a ka." Na durƙusa na faɗa masa duka, ina kallon takalminsa. Bayaraben yana gefe, karon farko da na ga bakinsa a rufe.

Injiniya ya naɗe taswirar. Sannan ya ce ramin burtsatse bai wuce faɗin kwano ba, da wuya ya faɗa kan kabarin. Sai kuma ya ba kansa amsa: amma ramin laka da harsashin tanki za su tone rabin gidan. Ya ce burtali da nisa, ruwan kuma ba tabbas zai ishe su, matan da za su riƙa ɗauko jarka daga can su ma suna da haƙƙi, kuma ba shi ne zai yanke musu ba. Ya ce in koma in sa Gwaggo ta ji ta bakin mata.

Gwaggo ba ta tara kowa ba. A bakin rijiya ta jefa maganar, kamar hira, cewa ta ji baƙi suna tunanin burtali. Manyan mata suka ce ai sun saba da tafiya. Wata matashiya mai goyo ta ce, "Ku kunka saba, mu bayanmu ya gaji." Ta ja guganta, ta zuba, can ta ce ba da kowa ba, "A kai shi can ɗin. Wa zai iya shan na kufai."

Saura yadda za a gaya wa maigari ba tare da an ambaci yaron ba, ba kuma tare da an nuna kyautarsa aka mayar masa ba. Injiniya ya ce shi ba zai yi ƙarya ya ce na'ura ta yi kuskure ba. Sai Bayaraben ya ce a bar masa.

Bayan la'asar dattawa suna zaune ƙofar maigari, ya je ya tsaya a tsakiyarsu ya riƙe ƙugu. Ni ina daga nesa, wajen mai shayi.

"Ranka ya daɗe, na fasa," ya ce. "Na duba na ga Gobirawa kun cika son jiki. In na sa muku ruwa a gindin gari, ƙiba za ku yi ku kasa yi min noma. Burtali za ni kai shi. Wanda ke son ruwa ya taka."

Na ga dattijon nan mai carbi ya daina ja. Maigari ya dubi Bayaraben, ya dubi Injiniya, Injiniya ya sunkuyar da kai. Wani matashi daga baya ya fara cewa ai burtali da nisa, na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

"Kun gani ko?" in ji maigari. "Na hwaɗa muku kada a ba bawa muƙami. Muguntar Bayarabe ce, ya za mu yi da shi? Ku kai abinku burtali, Allah shi isar muna."

Dariyar da aka yi ta fi ƙarfin maganar. Tsofaffi suna tafa hannu, wani yana share ido da bakin riga. Ba wanda ya ambaci kufai, a ranar ko bayanta.

Motar ta iso da sauran ɗalibai, ta wuce ta gabas. An sami ruwa a burtali, mai daɗin sha, amma kamar yadda na'ura ta nuna, ba shi da yawa. Tankin yana cika a hankali, in rana ta yi tsaka sai an jira. Har muka bar garin mata suna tafiya mai nisa da jarkoki, wasu suna mita a fili, kuma ban ga laifinsu ba.

A ranar da aka fara haƙa, kowa ya tafi kallo, gari ya zama ba kowa. Injiniya ya aike ni in kwaso turakunmu daga kufai. Ƙugin injin yana zuwa daga nesa, ina gangarawa yana raguwa, har ya zama kamar a cikin ƙasa yake. Na tarar da Inna a zaune ita kaɗai. Na tattara ƙananan turakun, na tuge jan turken, na ɗaure su da igiya. Sannan na je gefenta na durƙusa.

"Sannu da hutawa, Inna."

"An gama da nan?"

"An gama. Ba za a taɓa nan ba."

"To mi ya dame ni?" ta ce, tana kallon gabanta. "Ba komi nan. Fili ne. Tahi wurin aikinku."

Na ɗora damin a ka na kama hanyar tudu. Ban yi nisa ba na ji motsi a bayana, jan gwiwa a kan ƙasa, sannan wani sauti mai taushi, tafin hannu yana bubbuga ƙasa a hankali, irin bugun da ake yi wa bayan jariri in ana so ya yi barci. Ya tsaya, aka ja gwiwa gaba, ya sake farawa a wani wurin. Ramukan da turken ya bari suna da yawa. Wuyana ya so ya juya, na riƙe damin da hannu biyu na hana shi, na ci gaba da hawa har sautin ya ɓace cikin ƙugin injin.